Mun ɗauko 'yan teyatur bikin rabon asusu, jikka 60 ɗinmu ba ta tafi a banza ba

Duk ƙungiyar matan da ke shawarar ɗauko 'yan wasan kwaikwayo don bikin rabon asusu ko rufe lakwal ko wani taro na unguwa, ni dai shawarata ku ɗauko, amma ku ji wanga bayani nawa tukunna kafin ku miƙa kafin alƙalami, don akwai abubuwan da gara a san su tun da wuri. Mu wata ƙungiyar matasa muka ɗauko ta nan cikin Maraɗi, ba zan kama sunansu ba saboda akwai 'yan ƙorafe-ƙorafe cikin maganata kuma ba na son a ce na taɓa ma yara sana'a, wanda ya san su ya san su, su ne dai waɗanda jaruminsu ya ciyo kyautar gwanin ɗan wasa a wata gasar matasa kwanan baya, hotonshi riƙe da kup ya zagaye wayoyin 'yan matan garin nan kaf.

Ga wadda ba ta san mu ba, ƙungiyarmu irin ta Mata Masu Dubara ce, tsarin asusun nan da CARE ta fara a nan yankin Maraɗi a 1991 kafin ya bazu sauran jihohi har ya ƙetara wasu ƙasashe, zubi duk sati, akwati mai kwaɗo 3 makullan na hannun mata 3 daban-daban, a ba mace rance ta juya ta maido da ɗan abin da aka yarda, shekara ta zagayo a buɗe akwati a raba. Yawancinmu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli muke yi, akwai masu awara, akwai masu kiwon ragunan layya, ni kuma ɗinki nake yi kuma ni ke riƙe da kayen lissafi, shi ya sa cinikin ya biyo ta hannuna. Da can ranar rabo kiɗan ƙwarya muke sawa ko a ɗauko mai sono ya saki waƙoƙi a taka rawa a watse. Bana ƙananan cikinmu suka ce a'a, teyatur suke so, kuma wagga ƙungiya suke so ba wata ba. Hajiya shugabarmu ta dube su ta ce "ku ɗiyana ku faɗa mini gaskiya, wasan kuke son gani ko yaron?" aka yi ta dariya, ɗaya ta ce "Hajiya duka biyun", to a haka dai aka amince.

Batun kuɗi. Shugabansu malamin lakwal ne, kowa Mushe yake ce mishi, ya fara da jikka 80, wato sefa dubu 80, muka yi ta ja har aka tsaya jikka 60, rabi kafin alƙalami rabi bayan an tashi. Cikin kuɗin akwai wasan kanshi, da sono da bafil 2, mikro 2 marasa waya da ɗaya mai waya, labule da ƙarafunan ɗaure shi, fitilu manya 2, da gurup ko da wuta za ta ɗauke. Esansin gurup namu ne, kujeru da tabarmi namu, abincinsu namu, jigilar kayansu tasu. In an raba jikka 60 tsakanin mutanen da na gani suna aiki ranar nan, bayan an fidda hayar sono da ta amalanke, wallahi abin da zai rage ma kowa bai taka kara ya karya ba, ban ga tsada ba ko kaɗan, kuma da na san yawansu tun farko da ban ja cinikin haka ba.

Abin da ya fara burge ni tun kafin ranar biki ne. Mushe bai ce ga wasanmu ku karɓa ba, sai ya roƙi izini ya zo ranar zubi shi da wata dattijuwa ta cikinsu da yarinya ɗaya, suka zauna gefe a tabarma suna saurare, da aka gama ya ce "iyayena mata, mi ya fi damunku a wanga asusu?" Kai, sai ka ce jira ake yi. Wannan ta ce maigida ya san ranar da ake ba da rance ya fi ta sani, waccan ta ce kishiya, wata ta ce buhun gyaɗa ya yi tsada riba ta tafi, wata ta ce ɗanta ya ɗauke jarinta ya tafi biɗa bai ko bugo waya ba. Shi dai yana ta rubutu cikin kaye. Nan na gane su ba su da takardar da aka rubuta magana ɗaya bayan ɗaya a ce kowa ya hardace, labarin ake tsarawa tare, a raba shi fita-fita, a ce a fita ta farko ga abin da zai faru ga inda za a tsaya, maganar bakin kowa kuma shi zai nemo abinshi wurin gwaji, in ta yi daɗi a riƙe in ba ta yi ba 'yan uwanshi su ce mishi sake. Haka dai aka san teyatur ɗin Hausa a ƙasar nan tun da daɗewa, kuma dalilin kenan da ya sa maganarsu ke fita irin ta tsakar gida, ba ka jin ƙamshin takarda a cikinta.

Wasan da suka kawo muna labarin wata amarya ce mai yin man gyaɗa, ta karɓi rance a asusu don ta sayi gyaɗa tun da kaka tana araha, mijinta ɗan kabu-kabu ya lallaɓe ta da daɗin baki ya karɓe kuɗin wai zai gyara mashin ya maido cikin sati 2, ashe waya sabuwa ya saya da shadda, yana zuwa zance wata unguwa. Lokacin biya ya yi, mata suka zo gida, amarya ta rufa mishi asiri ta ce ita ta ɓatar, har ta kai ga za ta saida kwanonin jerenta, daga nan uwarta ta shigo cikin maganar. Labari ne da kowace mace a filin nan ta san shi ko a gidanta ko a maƙwabta, shi ya sa tun fita ta biyu mata suka fara amsa ma 'yan wasa daga tabarma, "ƙarya yake yi kar ki ba shi!", wata tsohuwa har ta miƙe.

To mu zo kan yaron, tunda shi aka zo gani. Tubarkalla masha Allah, Allah ya yi halitta a nan, ba zan ɓoye ba kuma ban ga abin kunya a faɗin haka ba, na haife shi a shekaru. Dogo ne, baƙi mai sheƙi irin wanda fitila ke so, ga wushirya, ga idanu farare tas, kafaɗa a buɗe, in ya yi murmushi kumatunshi na lotsawa gefe ɗaya. Hoton da ke yawo a waya bai kama rabin abin ba, don hoto ba ya ɗaukar tafiya, shi kuwa tafiyarshi ce abin kallo, yadda ya shigo yana kaɗa makullin mashin a yatsa, hula a karkace, ya tsaya bakin labule bai ce komi ba ya bar mutane suka gama kallonshi tukunna. Wurin ya ɗauki guɗa. Muryarshi kuma mai kauri ce mai sanyi, da ya durƙusa gaban amarya yana cewa "haba ƙanwata, ni da ke har akwai naki da nawa?" na ji mata a bayana suna cewa wallahi ko su ne sai sun ba shi. Kuma nan ne na yaba ma wanda ya raba matsayi, da mummuna aka ba wanga matsayi da kowa ya ce amarya wawuya ce, amma da aka ba mai kyau sai kowa ya gane yadda ake yi a karɓe ma mace jari tana murmushi. Kyawun nashi aiki aka sa shi, ba ado aka ajiye shi ba.

Yarinyar da ta fito amarya ni ta ma fi kama mini ido. Ba ta shafe-shafen nan na canza fata, kalarta ce ta Allah, wankan tarwaɗa, dogon wuya, ga kwalli ga lalle ja a tafin hannu, ɗaurin kallabinta ɗan ƙarami a gefe irin na amaren da ba su gama sakin jiki a gidan miji ba. Ba ta da yawan magana a wasan, da ido take yi. Akwai inda mata suka zo karɓar kuɗi tana tsugune gaban turmi, ta ɗago ta dubi mijin sau ɗaya ta maida kai ƙasa ta ce "ni na ɓatar", filin nan ya yi tsit har kukan gurup kawai ake ji. Yarinya ce kyakkyawa mai kamun kai, kuma na so yadda suka suturta ta, babu abin da uba zai gani ya sunkuyar da kai.

Amma ni Allah ya sa ba daga gaba kaɗai na kalla ba. Gidana ne ke jikin filin, ɗakin ɗinkina muka ba 'yan matansu su canza kaya, zaure kuma na maza, don haka rabin wasan ina tsaye ne ta bayan labule, kuma abin da na gani can shi ya sa nake wanga dogon rubutu. Mutum 8 ne suka fito gaban jama'a, amma waɗanda suka zo sun haura 20. Akwai wata yarinya mai kula da kaya, ita ma ɗinki take koyo, ta jera kayan kowa a igiya bi da bi yadda za a sa su, allura da zare a maƙale a gaban hijabinta. Shaddar nan da jarumi ya fito da ita mata suna ta santi, na taɓa ta da hannuna, ba wata shadda mai tsada ba ce, tsohuwa ce ta wan wani daga cikinsu, ita yarinyar ta rage mata jiki ta ɗaga kafaɗa ta sa aka kai ta wurin masu bugu ta dawo tana ƙyalli. Ni tela ce na san wanga aiki, kyau kamar yadi ne a kanti, sai ya samu mai yanka. Rigar da ya sa a fitar farko kuwa da gangan ta zaɓo mai ɗan faɗi da ta koɗe, don in ya sake fitowa da shadda kowa ya ga inda kuɗin amarya suka shiga ba sai an faɗa ba.

Ga wani yaro da bai wuce shekara 15 ba a kan benci riƙe da fitila, ita fitilar ba ta da abin juyawa, da hannu yake bin jarumi da ita duk inda ya yi, ya naɗe hannun da tsumma don zafi, tun farkon wasa har ƙarshe bai sauka ba. Shi ya san cewa baƙar fata in ka haska ta gaba da gaba fuska na ɓacewa, sai ya tsaya ta gefe, shi ya sa lotsawar kumatun nan ta fito har layin baya. Ga mai kalangu a gindin labule, duk sanda za a canza fita shi ke rufe giɓin, yara 4 su ruga su fidda turmi su shigo da benci da allon mai shayi, kafin kiɗa ya sauka tsakar gida ta koma bakin titi. Mushe na tsugune da kayenshi da ƙaramar tocila, ba ya magana, yatsa kawai yake ɗagawa. Sannan ga abin da ya fi tsaya mini, ana tsakiyar fitar da ta fi kowace zafi batirin mikron amarya ya mutu, muryarta ta ɓace, ni har gabana ya faɗi. Wanda ya fito abokin miji, wani ɗan gajere mai ban dariya da ba wanda ya zo dominshi, sai ya matso kusa da ita kamar mai ba da haƙuri, ya sunkuyo yadda mikron da ke wuyan rigarshi zai ɗauki maganarta, ya tsaya a haka a karkace har ta gama, ita kuma ta gane nan take ta juyo ta gefenshi. Mutanen gaba ba wanda ya lura an samu matsala. Wanga abu ba a koyon shi rana ɗaya, sai mutanen da suka daɗe suna gwaji tare har kowa ya san numfashin ɗan uwanshi.

Da aka tashi ana cin abinci na tambayi jarumin batun kup ɗin, na ce "ɗana, da wane wasa ka ciyo shi?" Ya ce "Inna, da wata fita ce irin wadda kuka gani ta ƙarshe, inda suruka ke zaune ina tsaye." Fitar kuwa ga yadda take, uwar amarya ta kira shi, ya zo da shirin za a yi mishi faɗa ya tanadi ƙarairayi, sai ta shimfiɗa mishi tabarma ta kawo mishi fura ta zauna ta yi shiru tana jan casbi. Ya fara magana, ba ta amsa ba. Ya ƙara, ba ta ɗago ba. Ya yi ta zuba har ƙaryar ta ƙare mishi muryarshi ta fara rawa, ya cire hula, ya durƙusa. An tafa mishi sosai kuma ya cancanta, hawayen gaske na gani. Amma ya ce mini da bakinshi, ranar da dattijuwar nan da ke fitowa suruka ba ta zo gwaji ba wata ta riƙe mata, ko kusa abin bai fito ba, don waccan ta kasa haƙurin yin shiru, tana ta tsoma baki. Ya ce shirun ma ba shi ya kawo shi ba, ba Mushe ba, mai kalangu ne ya ce wata rana ai surukar kirki ba ta faɗa, kunya take ba mutum. To ku duba, kup ɗaya sunan mutum ɗaya a jiki, amma cikin fita ɗaya tak ga hannun tsohuwa ga na makaɗi ga na mai fitila ga na mai kaya. Ɗan kuɗin da aka haɗa mishi da kup ɗin ma ya ce akwatin ƙungiya ya shiga, da shi suka sayi mikro na biyu. Na ji daɗin wagga magana ƙwarai, yaro mai kyau da aka yi ta zuga shi a waya amma kanshi bai kumbura ba, da ya gama cin abinci shi na gani yana naɗe wayoyin sono.

Innata, Allah ya ƙara mata lafiya, tana cikin masu kallo a kujera ta gaba, ita ta yi zamanin samariya, kuma a gida ta yi ta ba jikoki labari. Lokacin Seyni Kunce, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, kowace unguwa da samariyarta, da sarkin samari da magajiya, kuma ana festibal na matasa na ƙasa duk shekara, na farko a Damagaram aka yi shi a 1976, daga nan yana zagaya manyan garuruwa har Maraɗi ta karɓi nata. Ana gasar wasan kwaikwayo da waƙa da rawa, a fara tankaɗe tun daga ƙasa, waɗanda suka tsallake su wakilci jiha gaba ɗaya. Ta ce abin da take tunawa in an ciyo kyauta ba a cewa wane ya ci, cewa ake Maraɗi ta ci ko Damagaram ta ci ko Tawa, kuma mutanen unguwa su ke ba da aron kaya, wannan ya ba da babbar riga wancan ya ba da takobi, mata su dafa ma masu gwaji. Ko su Yazi Dogo da aka yi ta ji a rediyo ana gani a Tele Sahel, da ƙungiya aka san su. Kuma tun kafin a kawo dandali da labule ai muna da namu, tashe cikin azumi, wasan kara bayan kaka, 'yan kama a kasuwa, duk na taro ne. Yanzu da waya ta zo fuska ɗaya ake yankowa a yi ta turawa, ban ce laifi ne ba, ni ma na kalla na yaba, sai dai hoton ba ya nuna wanda ke riƙe da fitila.

Ɗana da ke karatu a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya nuna mini a wayarshi yadda ake yi a waje. A Amurka akwai kyautar wasan dandali da ake kira Tony tun 1947, Faransa kuma suna da Molière tun 1987. A ta Amurkar ba jarumi da jaruma kaɗai ake kira ba, akwai kyautar mai tsara tufafi, akwai ta mai haske, akwai ta mai tsara dandali, akwai ta mai sauti, kowa a kira sunanshi ya hau ya karɓa gaban jama'a. Wanga kam ya kamata masu shirya gasa a nan su ɗauka, ko ba kup ba ko takardar yabo ce da turmin atamfa a ba yarinyar kaya, a ba yaron fitila wani abu. Ba kuɗi mai yawa zai ci ba. A Yamai akwai festibal na teyatur da marigayi Alfred Dogbé ya kafa a 2007, Emergences, ina ma a ce irin waɗannan yara namu su ma suna samun hanyar zuwa su ga yadda wasu ke aiki su ma a gan su.

Yanzu ƙorafi, don ba duka ne zuma ba. Na ɗaya lokaci. Mun yi da su za a fara da an sallame la'asar, amalanken kaya bai iso ba sai da rana ta yi sanyi, kafin a ɗaure labule a gwada sono an kusa kiran magariba, dole aka fara aka yanke aka yi salla aka dawo, wasu mata masu ƙananan yara da waɗanda mazansu suka ba su zuwa magariba kawai sun tafi ba su ga ƙarshe ba, kuma su ma da kuɗinsu a ciki. Wanga ya ɓata mini rai gaskiya, kuma na faɗa ma Mushe a gaban idonshi, ya ba da haƙuri ya ce mai amalanken ne, na ce Mushe mai amalanke ai ku kuka ɗauko shi. Na biyu mikro 2 marasa waya sun yi kaɗan ma mutum 8, duk sanda mutum 4 suka haɗu a fita ɗaya na baya ba sa jin rabin magana, kuma batiri ya kamata a sa sabo kafin a fara. Na uku akwai wani da suka fiddo mai i'ina don a yi dariya, ba shi da wani aiki cikin labarin sai dai a kwaikwayi maganarshi, ni ban so ba ko kaɗan, a cikinmu akwai wadda ɗanta ke da i'ina tana zaune a wurin da shi. Ba su ma buƙatar haka, don wasan taubasan da suka saka tsakanin Bagobiri mai shayi da Bazabarme mai saida waya ya ishi kowa dariya, har hawaye mutane suka yi, kuma wannan namu ne na gado wanda ba ya ƙona ran kowa, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar a 2014. Na huɗu, bayan fitar suruka da ta gama komi, sai Mushe ya fito ya karɓi mikro ya yi ta bayanin darasin wasa, rance amana ne, miji ya ji tsoron Allah, kusan minti 15. Mun gane ai, mun gani da idonmu, tsohuwa ta riga ta faɗa da shirunta. Da ya yi amfani da wannan lokaci ya kira yaran bayan labule ɗaya bayan ɗaya ya faɗi sunansu da aikinsu da ya fi mini.

Abu ɗaya kuma da zan yaba musu wanda ba a gani a dandali, yadda suke riƙe 'yan matansu. Kowa ya san Maraɗi, ba kowane uba zai bar ɗiyarshi ta hau dandali ba, kuma mutane ba sa raina abin magana. Dattijuwar nan da ke fitowa suruka ita ce uwar ɗakinsu, ita ke zuwa gida-gida ta roƙi izini, ita ke tsaye bakin ƙofar ɗakina sanda suke canza kaya, samarin unguwa da suka taru wai za su ɗauki hoto da amarya ita ta sallame su da fara'a ba tare da an ji kunya ba, da aka tashi kuma adaidaita ɗaya ta sa su duka ta shiga gaba sai da ta sauke kowace a ƙofar gidansu. In ba don ita ba babu amarya a wasan nan, don ba za a bar ta ta fito ba. Jarumin ma da 'yan mata suka yi mishi caa ana son hoto, ya tsaya an ɗauka amma hannunshi a bayanshi, kuma duk hoto sai ya jawo ɗan gajeren nan ko yaron fitila ya ce a ɗauka da su.

In za ku ɗauko su, ku ce kaya su iso tun azahar a ɗaure komi kafin la'asar, kuma ku sa shi cikin sharaɗi kafin ku ba da rabin kuɗi. Ku roƙi Mushe ya zo ya saurare ku tukunna kamar yadda ya yi muna, kar ku karɓi wasan da aka riga aka yi ma wasu. Ku faɗa mishi tun farko abin da ba ku so a yi dariya da shi. Ku sayi batiri da kanku ku ajiye, dala ɗari ko ɗari biyu ne. Ku ware ɗaki mai ƙofa ma 'yan mata, ku shimfiɗa tabarmin yara a gaba amma da ɗan nisa don suna rarrafowa har cikin wasa. Abinci kuwa in ya ce muku mutum 12 ne ku dafa na 25, mu dambu da shinkafa da wake muka yi kuma da ƙyar ya kai, masu ɗaukar kaya su suka fi kowa jin yunwa kuma su ke zuwa ƙarshe, ku ɗebe musu nasu daban ku rufe. Mu dai mun riga mun yanke a zubin da ya wuce, baɗi in Allah ya kai mu su za mu sake ɗaukowa, Hajiya da kanta ta ce a ƙara musu jikka 10, 5 a hannun yarinyar kaya 5 a hannun yaron fitila.